Malam Tukur da Tabarmar Bakin Ƙofa

Malam Tukur ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune ina cire kwaɗon shago. Hajara ce ta kira. Ba ta ko gaishe ni ba, ita da ba ta taɓa fara magana babu gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya Isa, Malam ya tahi."

Na ce wane Malam? Na san wanda take nufi. Na tambaya ne kawai don in samu ɗan lokaci.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A can garin da yake aiki ya cika, bayan jinyar da yawancinmu ba mu san ta yi nisa haka ba. Can aka yi masa sutura da hantsi. Nan Wurno, a gidansu ake karɓar gaisuwa.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna sakandare ne, aikina shagon fotokwafi da cajin waya kusa da tasha. Abin da na iya kawai shi ne rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, al'adar da na ɗauka tun ina saurayi. Saboda ita Malam Tukur yake kirana Magatakarda. Na goge wannan rubutu na sake farawa ya fi sau ɗaya. In kun ga ya karkace, ku yi haƙuri.

Yana gabana a makaranta. Shi ya wuce, ya yi ta wucewa har ya zama dokta, yana koyarwa a wata jami'a mai nisa da nan. Amma in ya zo gida, bencin shagona ne wurin zamansa. Ka ce masa Dokta, sai ya waiga baya kamar yana neman wanda ake kira.

Shi ya lura ina matse ido in ina karanta ƙananan rubutu. Zuwansa na gaba sai ga tabarau a aljihunsa. Da shi nake rubuta wannan.

Ranar da ciwon mahaifiyata ya tashi, a motarsa aka kai ta Sakkwato, ya kuma zauna tare da mu har likita ya gan ta.

Amma in za a tambaye ni halinsa guda, zan ce tambaya. Mutum ne da ba ya barin abu ya wuce shi. Zai tsayar da manomin albasa ya ce mi ya sa ake ɗaga ta daga ƙasa in za a ajiye. Zai tambayi mai fura mi ya sa ta Rabah ta fi tsami. "To mi ya sa?" Wannan ce kalmarsa. Kuma in ka ba shi amsa, da gaske yake saurare.

Shekarar korona ce ta haɗa mu sosai.

Ya zo duba mahaifiyarsa, Inna, da niyyar kwana kaɗan, sai aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi. Ya maƙale a gida. Jami'arsu ta sallami ɗalibai, ga 'yan ajin ƙarshe jarrabawa kawai ta rage musu. Aka ce ba za a jira ba, za a yi ta ta intanet, kowa daga inda yake. Aka sa shi cikin kwamitin da zai tsara yadda za a yi.

Gidansu netwok sai an fita tsakar gida an ɗaga waya sama. Ni ina da sola, kuma ɗakin bayan shagona netwok ya fi zama a cikinsa, ban san dalili ba har yau. Na ce ko don yana fuskantar gabas ne. Malam Tukur ya ce bayanin bai gamsar da shi ba, amma shi ma bai kawo wani ba.

Nan ya mayar ofis.

Ina gaba ina aikina, ina jin su ta labule suna gardama da Turanci. Wani abin in gane, wani ya wuce ni. In sun tashi sai ya fito ya zauna a benci ya warware mini, sai ka ce ni ma ɗan kwamitin ne.

"Magatakarda, ga tambaya. Ɗalibi na can wata uwa duniya, kai kana nan. Ƙaƙa za ka san shi ya rubuta, ba yayanai ba?"

Na ce a rantsar da shi.

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Sannan ya tsaya ya ce, "Ka san akwai farfesan da ya kawo wagga shawara? Ba a yi mai dariya ba."

Wasu sun ce a ba ɗalibi tambayoyi, ya buɗe littafi in ya ga dama, amma a yi irin tambayar da ba a kwafo amsarta daga littafi. Wannan Malam Tukur ya fi so. Ya ce malamai ne ke gudunta, don ta fi wuyar shiryawa. Wasu sun ce a kira kowa ta bidiyo a tambaye shi baki da baki, aka ce ɗalibai sun yi yawa. Abin da ya yi rinjaye shi ne kowa ya zauna gaban kwamfuta, kyamara a kunne. Ya nuna katin shaidarsa, ya juya kyamarar ya nuna ɗakin kaf, sannan a buɗe masa tambayoyi. Ana ɗaukar hoto da sauti har ya gama. Kada ka bar gaban kyamara, kada wani ya shigo, kada ka yi magana da kowa.

Da ya karanta mini na ce ai da sauƙi. Shi ma ya ce da sauƙi.

Mu biyu 'yan Wurno, a cikin Wurno muke zaune, babu wanda ya hango abin da ke tafe. Wannan na cikin abubuwan da har yanzu nake juyawa a raina.

Hajara ɗiyar maƙwabtanmu ce, malamar firamare a Magarya, da aurenta da yaranta. Malam Tukur ne ya ƙarfafa mata gwiwa ta shiga karatun digiri a jami'arsu, irin wanda ma'aikata ke zuwa lokacin hutu. Shekaru ta yi tana wannan kai da komo, wani zuwan da goyo a baya. Takardun ƙarshe suka rage mata. A ɗakin bayan shagona za ta rubuta su. Duk ranar da take da jarrabawa, Malam Tukur ba ya ko biyowa ta layin, don kada a ce.

Ɗakin yana da ƙofa ta biyu da ke fita lungu. Damina ce, ga zafi irin na kafin ruwa, sai aka bar ta a buɗe aka saki labule.

Rannan Baba Alu ya zo daga wajen Goronyo. Wan mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar uban. Masunci ne, tsoho mai ƙarfin murya. Ya kawo mata busasshen kifi, ya je gida yara suka ce tana shagon Isa. Yana saurin samun motar komawa kafin ruwa ya sauko, sai ya yanko ta lungu.

Ya ɗaga labule. "Salamu alaikum."

Ku da kuka tashi a ƙasar nan, ku gaya mini mi za ta yi.

Ta sauka daga kujera ta durƙusa. "Wa alaikumus salam, Baba. An zo lahiya? Ina gajiya? Ina su Gwaggo?" Shi kuma yana amsawa yana mayarwa, ya tambayi maigidanta, ya tambayi yara, ya tambayi jikin ƙaramar da aka ce ta yi zazzaɓi. Sai da aka kai ƙarshe ta ce, "Baba, jarrabawa nike yi." Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Ya ajiye ledar kifi a ƙasa ya tafi. Ta hau kujera ta ci gaba da rubutu.

Daga baya na tambaye ta, ba ki tuna da dokar ba?

Ta ce, "Yaya Isa, sai da gwiwata ta taɓa ƙasa na tuna."

To, ga abin da kyamara ta gani. Mace tana rubutu. Farat ɗaya ta nutse ƙarƙashin tebur, kujera ba kowa. Muryar namiji da harshen da mai duba hoton ba ya ji. Ƙarar leda. Yayyafi ya fara bisa kwano, magana ba ta fita sosai. Can sai mace ta taso ta ci gaba da rubutu da sauri.

Na kalli hoton nan da aka turo mata. Wallahi da ban san ta ba, ni ma sata zan ce.

Aka riƙe sakamakonta. Aka ce ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa. In sun tabbatar, kora ce, duk shekarun nan sun tafi ke nan. Kafin a je ko'ina magana ta zaga gari, wai malama ta yi satar amsa. Malamar da ke tsare yaran mutane ranar jarrabawa. Ta daina fita sai dole.

Baba Alu da ya ji, ya hawo mota ya zo shagona ya tsaya tsakiyar mutane.

"Ni na ɓata mata? Kifi fa na kawo. Isa, kifi na!"

Na ba shi kujera.

Ranar Malam Tukur yana zaune a benci. Can ya ce, "Mu munka rubuta dokar ga, Magatakarda. Munka ce kada wani ya shigo, ba mu ce wa za ya hana shi ba. Munka rubuta ta kamar kowa na da ɗakin da ba a yi mai sallama. Ni da anka haifa nan, hannuna na ciki. To mi ya sa ban gani ba?"

Ni ma ban gani ba.

Ya rubuta musu cewa shi ɗan garinsu ne, ba zai sa baki a hukunci ba. Alfarma ɗaya ya roƙa: a bar shi ya kawo mai muryar da aka ji, ya yi masa tafinta, a kuma samo wani ma'aikacin jami'ar mai jin Hausa ya zauna yana duba ko yana ƙara gishiri.

Suka yarda.

Ranar zaman, Baba Alu ya zo cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Ni ina gefe ina tsaron batir. Fuskoki suka fito, kowa cikin ɗan akwatinsa.

Ya sunkuyo ya ce, "Tukur, su duka cikin abin ga suke?"

"Suna gidajensu, Baba. Suna ganinka."

"Suna ganina? To ai sai a gaisa."

Kafin a hana shi ya fara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya muka ji da wannan annoba. Malam Tukur yana fassarawa, fuskarsa ba alamar dariya. Shugaban zaman ya buɗe baki zai katse shi, sai ya samu kansa yana amsawa.

Akwai wata farfesa a cikinsu, dattijuwa, mutuniyar kudu. Da gaisuwa ta zo kanta, sai na ga ta ɗan zame daga kujerarta, kanta ya yi ƙasa har ɗankwalinta kawai ake gani, sannan ta taso.

Malam Tukur ya ce rusunawa ta yi, irin tasu ta girmama babba. Ni kuwa na sha tunanin ko wani abu ne ya faɗi mata ta ɗauko. Mun yi gardamar nan ba sau ɗaya ba. Ban sani ba. Abin da na sani, da ta taso tana murmushi, kuma ita ta fara cewa a saurari tsohon da kyau.

Baba Alu ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Ya ce shi ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, wace amsa zai ba ta?

Sai wani daga cikinsu, mai gilashi, ya ce shi ya yarda da tsohon, amma ba da yarda ake ba da digiri ba. Ruwa ya rufe rabin maganar. Babu wanda ya ga ƙarƙashin tebur. In aka wanke ta a kan haka, gobe wani zai kawo nasa kawun.

Haushi ya kama ni. Bayan an tashi na ce wa Malam Tukur mutumin nan mugu ne.

Ya ce, "A'a. Gaskiya ya faɗa."

Hukuncin da suka yanke: babu kora, babu sunan sata. Amma an soke takardar. Za ta sake, wannan karon baki da baki ta bidiyo, malamai uku suna tambaya tana amsawa.

Hajara ba ta ji daɗi ba. Ta zo har shago ta same shi. "Malam, ka san ban yi komi ba. Kana da baki wurin, ka yi shiru?"

Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Hajara, in anka ba ki ita hakanan, har ki tsufa wani na cewa Tukur ya yi miki hanya. In kin shiga kin amsa da bakinki, wa za ya ce mi?"

Ta tafi ba ta yi masa sallama ba. Ya bi ta da kallo ya ce, "Wagga kam ta koyi dokar."

Kwana kaɗan kafin ranar, ya zo mini da fuskar da yake yi in ya gano wani abu. Ashe wurin liman ya je da tambaya. In an yi sallama ga mutane, ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa saura? Liman ya ce ya ɗauke.

"To Magatakarda, na samo maka aikin da babu shi cikin takardar kowace jami'a. Ka shimfiɗa tabarma bakin ƙofar lungu. Duk wanda ya yi sallama, kai za ka amsa. Ba a hana kowa gaisuwa ba, an dai canza mai karɓa."

Na ce ni? Ni da ba na iya dogon zance?

"Shi ya sa. Ka samu wurin koyo."

Ranar ta zo. Hajara ta shiga fuskarta a ɗaure. Na ja ƙofa, na shimfiɗa tabarma, na zauna. Shi kuwa yana gida wurin Inna, ya ce ko waya kada in yi masa.

Mai fura ta wuce, na amsa. Wani mai neman caji ya leƙo, na amsa na ce ya dawo. Ina jin muryarta sama-sama ta cikin ƙofa, tana magana, ta yi shiru, ta ci gaba. Na fara ganin aikin ba wuya.

Sai ga babbar riga ta shawo kwanar lungu.

Baba Alu.

Na miƙe na tare shi da sallama tun kafin ya yi tasa.

"Isa, ɗiyar na ciki?"

"Tana ciki, Baba. Bismilla, ga tabarma."

"A'a, ba zama ni zo ba. Kai kawai za ni sa in yi mata addu'a in tahi."

"An zo lahiya, Baba?"

"Lahiya lau. Matsa in..."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina su Gwaggo? Ƙafar tata fa?"

Ya dube ni. Ya amsa, don ba yadda zai yi. Na tambayi yaran gida. Na tambayi maƙwabta. Na tambayi ruwa, na tambayi shinkafa, na tambayi jirginsa. Na koma kan ƙafar Gwaggo. Mutumin da ya girmi ubana, ni na tsaya tsakaninsa da ƙofar ɗiyarsa.

Da na sake cewa ina gajiya, sai ya ce, "Kai Isa, gajiyar ga ka tambaye ta ɗazu. Ba ta ƙaru ba."

Ya tattara riga ya zauna.

Abin da muka tattauna a kan tabarmar nan, shi ne Malam Tukur ya yi shekaru yana tambayata ban gaya masa ba. Zan zo kansa.

Hajara ta fito idanunta jawur. Ta gan shi, ta durƙusa nan cikin lungu, ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, babu mai ɗaukar hoto. Ya ce an gama? Ta ce an gama. Ya ce to yanzu kifin rannan ya yi daɗi ko bai yi ba, tunda ba wanda ya gaya masa.

Ta ci takardar. Farfesar nan ce ta yi mata tambayar da ta fi wuya, in ji ta. Yau Hajara ita ce mataimakiyar shugaban makarantarsu, kuma ban sake jin wanda ya ɗaga waccan magana ba.

Malam Tukur ya kai wa kwamitinsu shawarar tabarma. Ya ce sun ƙara layi ɗaya a dokokin, cewa ɗalibi ya samu wanda zai zauna masa a waje. Ko wani ya bi a wani gari, ban sani ba. Ina son in sani. A nan dai, duk wanda ya rubuta jarrabawa a ɗakin nan bayan haka, har da mai zuwa daga Rabah a babur, ni na zauna masa.

Aka buɗe hanya, ya koma aiki. Duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Magatakarda, mi kunka ce da tsohon ga rannan? Kai da ba ka zance, ƙaƙa ka riƙe shi?" Ni kuma in ce sirrin bakin ƙofa ne. Abin ya zama wasa tsakaninmu. Da farko tsokana ce. Daga baya, ina jin tsoro nake kada in faɗa ya ga abin bai kai yadda ya ɗauka ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan Babbar Salla ce. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na ce lafiya? Ya ce gajiyar aiki ce. Ya zauna a benci, ya karɓi tabarau ɗina ya goge da bakin rigarsa ya mayar mini. Ya ce yanzu wata sabuwar matsala ta taso musu, kwamfuta ce ke rubuta wa ɗalibai amsa, kuma ta iya. Idonsa har ƙyalli yake, kamar an ba shi kyauta.

"Tambayar na nan inda munka bar ta. Ƙaƙa za ka san mutum ya sani?"

Da zai tashi ya dafa kafaɗata. "Yau ma ba ka gaya min?"

Na ce sai ka yi ritaya ka dawo gida, mu samu lokaci.

Ya ce, "To, na riƙe ka."

Malam, ga shi, ko da ba kai za ka karanta ba.

Da Baba Alu ya zauna, ya kasa kunne yana sauraren muryarta ta ƙofa. Can ya ce mini, su a ruwa akwai wanda ba a yi wa sallama. In ka iske mutum tsaye cikin ruwa ya nutsu yana jiran kifi, ba ka kiransa. Ka zauna bakin gaɓa har ya ɗago da kansa. Haka mai salla, ba ka ce masa ina kwana.

Ya ce, "Da an ce min abin ga kamar salla na, ko labulen ban taɓawa. Ba wanda ya ce min. Ku 'yan boko kun iya rubuta doka, ba ku iya gaya ma mutane ba."

Na ce to mi ya sa yau ka ce za ka sa kai?

Ya ce, "In gani ko an aza mai tsaro. Da na iske ba kowa, da ni na zauna."

Shi ke nan fa. Sauran hirar kifi ce da yadda ruwa yake kafin a yi madatsar ruwa ta Goronyo. Na san da ka ji, da ka ce in maimaita, sannan ka tambaye ni mi ya sa ban tambaye shi kaza ba.

Ɗazu da na isa gidansu, yayansa ya riƙe hannuna ya ce Inna ba ta iya magana, su kuma suna ta waya da can. Ko zan zauna musu a zaure in riƙa karɓar mutane? Na ce to. Na aika shago aka ɗauko tabarmar. Tana nan, gefenta ya ɗan zare.

Tun hantsi nake amsa sallama. Mutanen Lahodu sun zo, na Magarya sun zo, malaman makarantar Hajara sun zo a jere.

Bayan azahar sai ga Baba Alu, an riƙo shi, sanda a hannu. Ya tsufa ƙwarai. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna kusa da ni a hankali, ya yi addu'a, muka shafa.

Ya ce, "Isa, yau ma kai anka aza?"

Na ce ni ne, Baba.

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Yau shi ka ciki ana tambaya tai. Shi kaɗai. Ba mai shiga."

Wani ya yi sallama a ƙofa, Baba Alu ne ya amsa.

Ya Allah, bawanka Tukur ya yi rayuwarsa yana tambaya yana saurare. Yau shi ake tambaya. Ka tabbatar da harshensa, ka sauƙaƙa masa amsa, ka yalwata masa makwanci ka haskaka shi. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba Inna da iyalinsa da ɗalibansa haƙuri. Mu da muka rage a waje, ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Iyakar abin da mutanen bakin ƙofa ke iya yi ke nan.